Hoton Gwaji

Ku masu bibiyar shafina, kun ishe ni da tambaya ɗaya. Shekara uku ina saka muku hotunan mutane, tsofaffi da jarirai da 'yan makaranta, kullum sai wata ta rubuto a ƙasa: "Yaya Mai Hoto, ke kuma yaushe za mu ga fuskarki?" Ni kuma in tura mata alamar dariya in wuce abina. To yau babu dariya a bakina. Ku gyara zama in gaya muku abin da ya same ni cikin wata biyun nan. Mai zagi ya zaga, mai taya ni kuka ya taya.

Da farko dai ni ba ni da sutudiyo, ba ni da fitilun nan masu lema. Taga ɗaya gare ni, a ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa. Daga ƙarfe takwas zuwa goma na safe haske yana shigowa ta cikin wani siririn farin labule, ya sauka a fuskar mutum a hankali. Goma na wucewa rana ta haye saman rufi, ɗakin ya dushe, a tashi aiki. A kujerar Baba ta katako nake zaunar da mutane, taku ɗaya daga tagar, a ɗan karkace. Ƙafarta ɗaya lilo take yi, sai na cusa mata ninkakkiyar takarda. A bango na kafe tsohon bargonsa ruwan ƙasa da ƙusa huɗu. Ƙwan lantarki kuwa kashe shi nake yi, don in ya haɗu da hasken taga sai mutum ya fito rawaya kamar mai ciwon shawara.

Saura abu ɗaya. Gefen fuskar da ba ya kallon taga duhu yake yi, dole wani ya tsaya ta can ya buɗe farin zanin gado, haske ya bugi zanin ya dawo kan kunci. Wannan aikin Auta ne, ƙanwata, shekararta ashirin da biyu, tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya. Ita ce kuma 'yar gwajina. Kafin baƙo ya zauna, ita nake ɗorawa a kujera in ɗauki biyu-uku in ga yadda hasken ranar yake, in saita kyamara, sannan ta tashi. Ku riƙe wannan da kyau, don ta nan abin ya ɓullo min.

Yanzu sai fuskar tawa da kuke nema. Ina da tabon ƙuna, daga gefen idona na hagu har ƙarƙashin haɓa. Ina 'yar shekara tara na shiga kicin a guje, hannuna ya bugi mariƙin kasko, tafasasshen mai ya yi abin da ya yi. Fatar wurin ta tattare, tana ɗan sheƙi, ta ja gefen bakina ƙasa kaɗan. Ni na saba. Yara kai tsaye suke tambaya, in gaya musu, su koma wasansu. Manya ne matsala, masu yi min magana suna kallon kunnena na dama. Umma da kanta, shekara goma sha tara ke nan, a damana take zama.

Maza uku sun taɓa zuwa gidanmu saboda ni. Na farko ya sha ruwa ya ce ana kiransa a wurin aiki, har yau aikin bai ƙare ba. Na biyu ya daure sati biyu, daga nan wayarsa ta lalace, lalacewar da ba ta gyaruwa. Na uku ya fi su gaskiya, a zaman farko ya tambaye ni ko likita ya ce za a iya gyarawa. Na ce masa likita ya ce fuskata lafiyarta lau, bakin mutane ne ba a samo maganinsa ba. Umma ta yi kwana biyu ba ta yi min magana.

Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, duk Laraba sai ta zo ta sa ni gaba. Ba ta gama cire takalmi take farawa.

"Ashirin da takwas! Ni a shekarunki na yaye huɗu. Kullum kina ɗaki kina ɗaukar 'ya'yan wasu, naki kuma yaushe?"

"Gwaggo, ina wuni."

"Da ban wuni ba kya gan ni? Zauna, na samo miki wani."

Ɗan maƙwabciyarta ne, mai awon hanya. Aikinsa can nesa, inda ake fitar da sabon titi a daji, sai ya hau tudu yake samun sabis. Ya ce a turo masa hoto tukuna.

Na ce, "Gwaggo, kin gaya masa?"

"Na gaya masa me? Na ce mai hankali ce, mai sana'arta. Sauran ya gani da idonsa."

Wayar Gwaggo 'yar ƙarama ce mai madannai, ba ta ɗaukar hoto, sai ta rubuta wa Umma lambarsa a bayan ambulan ta ce ita ta tura.

Washegari na tashi da shirin abin da ban taɓa yi ba, ɗaukar kaina. Na sa doguwar rigata shuɗiya mai ƙananan maɓallai a wuya, na goge mayafina ruwan madara. Kamar kullum na zaunar da Auta don gwaji, na yafa mata mayafin in ga yadda launinsa zai sha haske. Ta ce, "Yaya, yau mai hoto za a yi wa hoto, duniya ta zo ƙarshe." Ta ƙyalƙyale da dariya, na danna. Hasken ya yi daidai. Na karɓi mayafina, na ɗora kyamara a kan tarin littattafan Baba, na zauna, ita ta koma wurin dannawa.

Ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya zo min. Wa ya fi ni sanin yadda ake ɓoye abu a inuwa? Na ba taga kuncina na dama, babu mai riƙe zani, hagun ya shige duhu. Muka ɗauki goma haka. Na duba, sai ga wata yarinya kyakkyawa wadda ban sani ba. Na daɗe ina kallonta. Daga baya na ce a raina, ke, in ya zo fa, a duhu za ki tarbe shi? Na juya kujerar, na ba taga hagun gaba ɗaya, na ja mayafin baya.

Auta ta ɗago daga bayan kyamara. "Yaya, haka?"

"Haka. Danna."

Tana dannawa aka yi sallama, wata mai jego da jariri yana tsala ihu, ga tara ta wuce, haske na gudu. Cikin gaggawa na kwashe hotunan duka na tura wayar Umma. Na leƙa ɗakinta na ce, "Umma, na ƙarshen za ki tura, na ƙarshe fa." Ta ce to.

Bayan la'asar saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum, Malama Mai Hoto. An ce ke ke sa mutane su yi kyau. Ni nawa ya gagari masu hoto huɗu."

Na rubuta: "Wataƙila ba laifin masu hoton ba ne."

Ya turo saƙon murya, dariya ce zalla, har da tari. Na ajiye lambar da sunan Mai Awo.

Kai jama'a! Mutumin nan ya iya hira. Kullum da tsakar rana, in sun tashi hutu, sai ya hau tudunsa ya rubuto. Ya ba ni labarin wani tsoho da ke cire musu turakun awo yana ɗaure awaki. Ya ba ni labarin yadda ake kewaye bishiya guda da titi saboda mutanen ƙauye sun ce a inuwarta suke hutawa. Ni kuma ina koya masa haske. Ya turo min hotonsa rana na bayansa, ya fito baƙi ƙirin, hular kwano kawai ake gani. Na ce, "Bawan Allah, ka juyo ka fuskanci haske mana." Ya ce shi ya sa yake neman malama ta zama tasa shi kaɗai. Kiran bidiyo sabis ɗinsa ba ya ɗauka, ni ma ban matsa ba.

Kun san abin da ya gama da ni? Bai taɓa ambaton tabon ba. Ko sau ɗaya. Na ɗauka ya gani, ya auna, ya zauna. Sati shida ina yawo a gidan nan da tunanin akwai namijin da ya kalli hagun fuskata a cikin hasken taga kuma washegari ya sake rubutowa. Na fara tsayawa gaban madubi ba tare da karkata kai ba. Na daina jan mayafi gaba in zan fita. Har 'yan kunne na sayo, ni da rabona da su tun ina firamare. Auta na tsokanata, "Yaya, wayar nan za ta ƙone." Umma kuwa in ta ga ina murmushi sai ta sunkuyar da kai, ni a zatona kunya ce irin ta uwa.

Wata Talata ina gugar farin zanin, saƙonsa ya shigo.

"Tun safe nake kallon hotonki. Wushiryar nan taki sai ta sa na auna titi a karkace."

Na karanta sau biyu. Na sa harshe na shafa haƙorana na gaba, kamar ban san su ba. Ni ba ni da wushirya. A gidanmu mutum ɗaya ce mai ita.

Ƙaurin ƙuna ne ya dawo da ni. Dutsen guga ya zana kansa a tsakiyar zanin. Na cire shi daga wuta, na tafi ɗakin Umma, wayarta na kan gado. Na buɗe saƙonni, na gangara ƙasa. Ga shi nan: Auta a kujerar Baba, mayafina a kanta, tana dariya, haske ya kwanta a fuskarta lif. Ni na saita shi da hannuna.

Na same ta a kicin tana yanka albasa. Na ajiye wayar kusa da faranti.

"Umma, wanne kika tura?"

Ba ta juyo ba. "Wanda kika ce."

"Umma."

"Idon nan nawa, kin san in ba gilashi ba na gani sosai. Ga mayafin iri ɗaya..."

"Na ƙarshe na ce. Wannan na farko ne. Hoto goma ne a tsakaninsu."

Ta ajiye wuƙar. Ta goge hannu a jikin zaninta, ta sake gogewa. Da ta yi magana, tukunya take kallo.

"Na buɗe naki. Yatsana har yana kai. Sai na tuna ukun nan da suka zo suka tafi, na tuna yadda kike shiga ɗakin babanki ki rufe ƙofa. Ni na bar mariƙin kaskon nan a waje, ni. Kowa ya ce ƙaddara ce, amma ni na san hannun da ya ajiye shi. So nake ko mutum ɗaya a duniya ya saurare ki kafin ya kalle ki. In ya san ki, ba zai iya tafiya ba."

"In kuma ya iya fa?"

Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da yanka, hawaye na sauka. Na so in yi ihu, na so in rungume ta, ban yi ko ɗaya ba. Na ɗauki mayafina na fita tsakar gida na zauna a kan bokiti.

To ga inda za ku zage ni. Kwana tara na yi ban gaya masa ba. Kwana tara! Ya ce "kyakkyawa", in amsa, alhali na san mai sunan. Kullum in ce gobe. Na san ƙarya nake ci, amma wallahi yunwar ta yi min yawa, na kasa ture kwanon. Auta da ta ji labari ta fashe da kuka, ta riƙe ƙafata. "Wallahi Yaya ban sani ba. Ba ni lambarsa in kira shi in gaya masa." Na ce ta rufa min asiri ta tashi, ita me ta yi?

Shi ya kawo ƙarshen abin ba tare da ya sani ba. Ya rubuto cewa ya samu hutu, Asabar yana tafe da sassafe, kuma yana son a ɗauke shi a shahararriyar tagar nan, ya ga ko mai hoto ta biyar za ta yi nasara.

Laraba da safe na zauna a ƙasa a ɗakin Baba, na nemo hoton ƙarshen nan, na rubuta a ƙarƙashinsa: "Wannan ce ni. Wadda ke wayarka ƙanwata ce, hoton gwajin haske ne aka tura maka. Na sani tun kwana tara, tsoro ya hana ni faɗa. In ka fasa zuwa ba zan ga laifinka ba." Na rufe ido na danna.

Tara da minti goma alamar ya karanta ta fito. Sama ta nuna yana rubutu. Ta ɗauke. Ta dawo. Ta ɗauke. Sau huɗu na ƙirga. Wata mata ta kawo surukarta a ɗauke ta, na ɗauka, ban san abin da na ɗauka ba. Sai bayan la'asar amsa ta zo.

"Na gani. Da ke nake hira, ba da hoto ba. Asabar ɗin tana nan."

Na karanta ya fi sau arba'in. Na nuna wa Umma, ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Ni ma na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Sai dai can ƙasan raina na lura babu "Malama Mai Hoto" a ciki, babu tsokana ko ɗaya. Alhamis da Juma'a gaisuwa ce kawai, ya aiki, ya gida.

Asabar ta waye da hadari. Mun riga mun shirya: Auta za ta zauna a ɗakinmu ta rufe ƙofa har ya tafi. Ita ma da kanta ta kawo shawarar. Na sa shuɗiyar rigar nan da mayafin ruwan madara, na sa 'yan kunnen, na cire, na sake sawa. Umma ta share falo sau biyu, ta fito da kofunan da ba a taɓawa.

Takwas da rabi ya yi sallama. Dogo ne, rana ta dafa shi, farar riga mai dogon hannu, takalminsa da jar ƙasa har yana ba da haƙuri. Ya durƙusa ya gaida Umma. Da na shigo ya ɗago ya kalle ni sosai, dama da hagu, bai kawar da kai ba. Wannan kam na ba shi. Amma muryar ba ita ba ce. Mutumin da ke min dariya har da tari, yau ga shi yana ta jera min sannu kamar ya zo duba mara lafiya.

Na ce, "Mu je ɗakin tun haske bai gudu ba." Aiki ne kawai wurin da na san yadda zan tsaya da ƙafata.

Na zaunar da shi, na gyara takardar ƙafar kujera, na kashe ƙwai. Na leƙa kyamara. Hadarin ya rage hasken, shi kuma baƙi ne, rabin fuskarsa ya ɓace cikin bargo. Na rataya zanin a bayan wata kujera, ya yi ƙasa da yawa. Na kira Umma ta riƙe. Minti biyu kafaɗarta ta gaza, zanin ya yi ta sauka, tana ɗagawa yana sauka. Na ɗauki goma sha huɗu, babu na nunawa. Na duba agogo, tara da minti ashirin. Ga shi ya yi tafiyar awa shida cikin dare, ga ni na cika baki wata biyu a kan tagar nan. Ni fa mutum ba ya zama a kujerar Baba ya tashi da mummunan hoto. Ba tunani na yi ba, bakina ne ya yi abin da ya saba yi shekara uku.

"Auta! Zo ki kama min zanin nan!"

Umma ta juyo ta kalle ni baki buɗe. A lokacin na ji abin da na faɗa. Ba Umma ba ce wannan karon, ba Gwaggo ba ce. Ni ce, da bakina.

Auta ta daɗe kafin ta fito. Ta sa wata koɗaɗɗiyar rigar wanke-wanke, ta ja mayafi har goshi, kanta a ƙasa. Ta gaishe shi can cikin maƙoshi, ta karɓi zanin, ta tsaya a wurinta, ta ɗaga shi har ya rufe mata hanci. Allah sarki Auta, iya ƙoƙarinta ta yi.

Haske ya dawo kan kuncinsa nan take. Na faɗa masa abin da nake faɗa wa kowa: "Kada ka kalli kyamara, tsoro take ba mutane. Ka ajiye idonka duk inda ya huta."

Na fara dannawa. Kafaɗarsa ta sauka. Goshinsa ya sake. Wani abu mai taushi ya zo gefen bakinsa, ba murmushi ba tukuna. Ni kuma shashasha ina bayan kyamara ina murna. "Yawwa! Haka! Kada ka motsa. Ka ga mutum!" Sai na ga hasken yana rawa a kuncinsa. Na ce, "Auta, tsaya mana." Shekara uku tana riƙe min zanin nan, bai taɓa rawa a hannunta ba.

Kafin sha ɗaya ya tafi. A bakin ƙofa ya ce, "Na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri." Irin godiyar da ake yi wa tela in ya gama ɗinki.

Bayan azahar na zuba hotunan a kwamfuta. Arba'in da uku. Sha huɗun farko mutum ne mai ladabi yana jiran a sallame shi. Daga na sha biyar wani mutum ne daban, wanda na sani a waya. Ni kuwa ina da wata ɗabi'a: kowane hoto sai na jawo ido kusa in duba ko ɗigon haske ya fito, don in babu shi ido a mace yake. A hasken taga, in kika jawo sosai, duk abin da ke gaban mutum za ki gan shi a cikin ƙwayar idonsa. Na jawo. Ga taga a gefe, 'yar murabba'i. A tsakiya ga farin zani, har da tabon dutsen guga, a samansa ɗan ƙaramin kai mai mayafi. Ni kuma ga ni can a baki-baki, wani baƙin ɗigo riƙe da kyamara.

Na duba na gaba. Na duba na gabansa. Ashirin da tara, duk wuri ɗaya idon ya huta.

Ban ga laifinsa ba, shi ne abin da ya fi ci min rai. Sati bakwai yana jin maganata yana kallon waccan fuskar, ya riga ya haɗa su wuri guda. Ya zo da niyyar cika alkawari, na yarda. Ni na ce ya ajiye idonsa inda ya huta, shi kuma ya bi umarnin mai hoto. Kuma ku ji wani abin takaici, na ashirin da shida ɗin nan shi ne hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka a rayuwata.

Da yamma ya rubuto daga gidan mahaifiyarsa: "Na iso lafiya. In babu damuwa, turo min wanda ya fi kyau."

Ina da damar tura masa ɗaya daga sha huɗun farko. Amma ni ba na ba mutum aikin banza. Na tura na ashirin da shida.

Ya ce, "Ban taɓa ganin kaina haka ba."

Na ce, "Haske ne."

Lahadi shiru. Auta ta ƙi cin abinci, ta ce kanta ke ciwo, ta juya wa ɗaki baya. Ban tambaye ta komai ba, tsoron amsar nake.

Yau Litinin. Ɗazu wajen ƙarfe tara ina ɗakin Baba, babu baƙo, ina zaune a kujerar da kaina ina kallon labule. Hasken yau ya yi kyau, na banza. Sai ga Umma a bakin ƙofa, ta danne wayarta a ƙirji da hannu biyu. Ta shigo a hankali, ta zagayo, ta tsaya a haguna, tsakanina da taga. Ta kalle ni a wurin, a kan tabon, kallon da ba ta yi ba tun ina shekara tara.

"Gwaggonki ce," ta ce. "Uwar yaron ta je wurinta da safen nan. Wai yaron bai ce komai ba, kunya ta hana shi, ita ce ta ga bai ci abinci ba ta matsa masa. Suna tambaya..." Ta gyara riƙon wayar. "Suna tambaya ko Auta tana da wanda take saurara."

Na ce, "Me kika ce mata?"

"Ban ce komai ba. Sau ɗaya na zaɓa miki, kin ga inda ya kai mu. Na ce sai abin da kika ce."

Ta miƙo min wayar. Daga ciki ina jin muryar Gwaggo 'yar ƙarama tana cewa, "Kina ji na? 'Yar nan, kina ji na?" A bayan Umma, a bakin ƙofa, na hango gefen koɗaɗɗiyar rigar nan. Auta na tsaye jikin bango, tana jira ita ma.

Na karɓi wayar na kai kunnena na dama.

Na ce, "Ina ji, Gwaggo."